Addu'a kaɗai ta wadatar wa 'yan gudun hijirar Durumi?

'Yar'uwa, kin ce ƙungiyarku ta mata tana jan rosari kowace Asabar saboda waɗanda rikici ya koro zuwa sansanin Durumi da ke Abuja, kina tambaya ko hakan ya isa. Kada ku fasa, amma a ganina bai isa ba. Duba wasiƙar Yaƙub 2:15-16: ka ce wa mai yunwa "sauka lafiya, ka ƙoshi" ba ka ba shi komai ba, ina amfaninsa?

Kuma koyarwar Katolika ta wuce sadaka. A 1891 Paparoma Liyo na 13 ya rubuta cewa haƙƙin ma'aikaci ne a biya shi ladan da zai riƙe iyalinsa. To, yarinyar nan daga sansani da ke wanke-wanke a gidajen wasunmu, hannunta duk ya tsattsage da omo, nawa ake ba ta? Tana zuwa makaranta kuwa? Nan fa ake jin nauyin magana.

Ku je Durumi ku zauna da matan, su faɗi buƙatarsu da bakinsu, ku riƙa ambaton sunayensu cikin addu'a. Batun magani da makaranta kuma, ku nemi Fada, limamin cocinku, ya haɗa ku da 'yan JDPC, wato hukumar adalci, ci gaba da zaman lafiya ta cocin Katolika.