Kunun Zaƙin da Ya Kwana Biyu: Giya Ya Zama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata kunun zaƙi a Jega. Kwanaki, ana tsakiyar zafin bazara, kunu ya yi mini kwantai, na bar shi a jarka har kwana biyu. Ina buɗewa sai iska ta fito da ƙarfi, kumfa ta taso, ga wani wari. Ƙanen maigidana ya ce giya na haɗa ban sani ba, har ya ƙara da cewa Maltina da muke ba yara ma 'yar'uwar giya ce. Hankalina ya tashi. Wai yaya ake yin giyar nan?
Wata uwargida, Jega

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙanen maigidanki ya taɓo gaskiya, amma ya zarce.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a Zuru, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidan da nake haya da na wata dattijuwa mai dafa burkutu. Ban taɓa kai shi bakina ba, amma idona da hancina sun haddace aikin. Jar dawa take jiƙawa ta kwana, ta tsame, ta baza a inuwa ta lulluɓe da buhu, tana yayyafa ruwa safe da yamma har ta yi tsiro. Sai ta shanya, ta kai niƙa, ta dama, ta dafa a manyan tukwane, ta bar shi ya yi tsami, ta sake dafawa. Duk wannan wahala, har zuwa nan babu abin da zai bugar da ko kaza. Ruwan hatsi ne mai zaƙi-zaƙi da tsami.

Amfanin tsiron shi ne: ƙwayar hatsi cike take da sitaci, kuma idan ta fara tsiro sai ta saki wani sinadari mai narkar da sitacin ya koma sukari, don ta ciyar da ɗan tsironta. Ke ma kin san dabarar. Tsiron shinkafa ko ɗanyen dankalin da kike niƙawa ki zuba a kunu, ya tsinke ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba, aikin ke nan.

Inda hanya ta rabu shi ne wurin yis. Idan ruwan ya huce, sai dattijuwar ta kawo ɗan ragowar burkutun da ya gabata ta zuba. A cikinsa akwai yis mai rai, dangin wanda ake kwaɓa fanke da shi. Yis yana cin sukari ya fitar da abu biyu: iska, wadda ke tayar da ƙullin fanke, da sinadarin da ke sa maye. Kafin wayewar gari sai ka ji tukwane na tsuwa su kaɗai ba wuta a ƙarƙashinsu. Dusar kuwa masu aladu ke layi a kanta.

Giyar kwalba ma haka take, sai dai tsabta da injuna. Turawa da sha'ir suke yi, su ƙara furen wata shuka mai suna hops don ɗaci da hana saurin lalacewa, kuma maye a cikinta yawanci kashi 4 zuwa 6 ne cikin ɗari. A Legas aka fara cika kwalbar giyar Star a 1949. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka juyo kan dawar Arewa, kaura da farafara.

Su Maltina fa? Tsiro ne, a dafa, a tace, a ƙara sukari da launi, a dumama kwalbar don kashe ƙwayoyin da ke ciki. Ba a barin yis ya yi aikinsa. Uwa ɗaya ce ta haife su da giya, amma tun suna yara suka raba gari.

Kununki kuwa, ba ki zuba yis ba, amma akwai shi a iska, a jikin hatsi, da cikin jarkar da ba ta wanku sosai ba. Tsamin da kunu ke yi a ranar farko galibi irin na nono ne, ba na maye ba. Amma kwana biyu a rufe cikin zafin Jega, har jarka ta kumbura, yis ya soma aiki, ko da abin da ya samar bai kai na burkutu ba. Hukunci na malaman addini ne, ni malamin alli ne. Abin da na sani dai, ya zo a hadisi cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha ruwan har zuwa rana ta uku, abin da ya saura a ba wani ko a zubar.

Ki rage yawan damu a bazara, ki ajiye cikin ƙanƙara, ki wanke jarka da ruwan zafi ki kife a rana. Kada kuma ki haɗa ragowar jiya da sabon damu don gudun asara, domin daidai abin da maƙwabciyata ta Zuru ke yi ke nan da gangan. Wanda ya riga ya yi kumfa, ki zubar.