Shin gwajin jini na iya gano otizim a jikin yaro?

'Yar'uwa, kin tambaya ko a ɗebi jinin ɗanki mai shekara 2 don a gano otizim, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Har yanzu babu gwajin jinin da ke tabbatar da shi. Masu bincike na duba sinadaran jini, ƙwayoyin gado da garkuwar jikin uwa, amma aikin bai kammala ba tukuna.

Likita halayyar yaro yake lura da ita: yana waiwayowa in an kira sunansa? Yana nuna abu da yatsa?

Batun magani kuwa, risperidone da Amurka ta amince da shi a 2006 don masu otizim, fushi da cutar da kai yake ragewa, ba ya warkarwa. Don Allah ki fara kai shi wajen masu koyar da magana tun yanzu, ki guji masu tallan "wanke jini" da sunan maganin otizim.