Bonet ɗin 504 ya ƙi zama daidai bayan gyara, ina matsalar take?

Tambaya: Salam oga. Ina gyara Peugeot 504 ta mahaifinmu a Tudun Wada, an kusa shiga fenti amma bonet ya ƙi zama, hagu yana gugar fenda, dama kuma yatsa na shiga. Mai fanal bita ya ce a cike da fila, wato ƙullin da ake shafawa a cike lotsa a jikin mota. In yarda?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan uwa. Don Allah kar ka yarda, fila a bakin bonet ba ta daɗewa, wajen yana shan buɗewa da rufewa ga zafin inji ga gargadar hanya, kafin damina biyu za ka ga ta fara tsagewa tana zubowa.

Yawanci ma ba laifin bonet ba ne, shi ne ƙarshen abin da ake saitawa. Ƙofa ake fara daidaitawa da jikin mota, sai fenda ta bi ƙofa, sannan bonet ya zauna tsakanin fendoji biyu. In aka fara daga bonet za a wuni ana kwance noti ana ɗaurewa a banza.

Kafin komai sauke motar daga jak, ta tsaya kan tayoyinta a daɓe mai kyau, inji na ciki. Ɗauko tef ka auna ɗakin inji a gicciye, daga kusurwar baya ta hagu zuwa ta gaba ta dama, ka sake yi a ɗaya ɓangaren. In awon biyu ba su zo ɗaya ba to gaban motar ya taɓa shan bugu, kuma ba abin mamaki bane, tun 1975 aka fara haɗa 504 a Kakuri Kaduna, da yawansu sun yi tasha Zariya zuwa Kano har sun gaji. Irin wannan sai an ja gaban ya miƙe tukuna, ba wani noti da zai gyara shi.

In awo ya yi daidai, kwance makullin bonet gaba ɗaya ka ajiye gefe, shi yake yaudarar mutane, yana fizgo bonet ɓangare ɗaya kai kana zaton hinji ne. Ɗaga bonet rabi ka girgiza shi, in yana wasa hinjin ya cinye, a gyara ko a nemo wani a kasuwar Panteka. Manna tef ɗin takarda a bakin fenda saboda karcewa, ka sassauta notin hinji kaɗan yadda sai an tura yake motsi, ku biyu, kowa da gefensa, a matsa kaɗan a rufe a hankali a duba. Tazarar milimita 4 zuwa 5 tsakanin bonet da fenda ta wadatar. Ni bakin dirila na milimita 5 nake zurawa in bi layin daga gilashi har fitila, ya fi ido gaskiya. Abin da na fi damuwa da shi shine hagu da dama su zo ɗaya kuma faɗin ya tafi bai ɗaya, don tsoffin motocin nan ko daga kamfani ba a matse suke zuwa kamar na yanzu ba. Kuma fenti zai ci wani abu a bakunan biyu, kar a matse sosai yanzu.

Tudu da kwari kuwa, robobin da bonet ke zama a kai su ake saitawa ko a sa sabbi, in fenda ce ta yi ƙasa a sa mata washa. Sai an gama duk wannan a mayar da makulli, shi zai bi bonet.

In har yanzu akwai inda ya yi faɗi, a ɗora siririn ƙarfe a bakin da walda, ɗigo ɗigo ana barinsa ya huce don kar falle ya lanƙwashe, sannan a goge. Kuma kafin a cire bonet a kai wajen fenti, a huda ƙaramin rami na milimita 3 ta cikin hinji zuwa ƙarfen cikin bonet a kula kar ya fito waje, ranar mayarwa ƙusa kawai za a zura ya koma mazauninsa.