Shawarar Lauya: Manajana yana cin zarafina, kamfani kuma ya yi shiru

Malama, na karanta wasiƙarki, inda kika ce manajan sashenku yana zaginki a gaban abokan aiki, yana kuma turo miki saƙonnin neman lalata da dare, kuma da kika kai ƙara wurin shugaban kamfani sai ya ce ki yi haƙuri.

A idon doka, alhakin bai tsaya kan manajan kaɗai ba. Wanda ya ɗauke ki aiki wajibi ne ya samar miki wurin aikin da mutuncinki zai tsira, kuma daga ranar da kika sanar da shi ya ƙi ɗaukar mataki, shirunsa ya zama abin da za a iya tuhumarsa a kai. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare martabar ɗan Adam, sashe na 42 ya haramta nuna bambanci saboda jinsi, sashe na 254C kuma ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar cin zarafi a wurin aiki. A 2013 wannan kotu ta ɗora wa kamfanin Microsoft alhakin abin da shugabansa na Najeriya ya yi wa wata ma'aikaciya, ta kuma umarci a biya ta diyya. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi yaƙi da cin zarafi a wurin aiki, a 2022.

Inda nake jin tsoro shi ne ƙorafinki na baki ne, kuma a gaban alƙali kamfani zai iya rantsewa cewa bai taɓa jin labari ba. Saboda haka ki rubuta takarda ki ambaci ranaku da kalaman da aka faɗa da waɗanda suke wurin, ki miƙa ta ga sashen kula da ma'aikata, ki sa a buga miki hatimi da kwanan wata a kan kwafinki. Kada ki goge saƙo ko ɗaya daga wayarki.

Kada ki ajiye aiki cikin fushi kafin ki ga lauya. Kotu tana iya ɗaukar murabus ɗin da aka tilasta wa mutum a matsayin kora, amma sai kin kawo hujja. Idan aka sallame ki saboda ƙorafin, ki shigar da ƙara a reshen Kotun Ma'aikata da ke Kano ko Kaduna ko wanda ya fi kusa da ke, ki haɗa manajan da kamfanin a ƙara guda.