Yadda ake gane tumakin gida da kare irinsu

Malam, ka tambayi yadda ake bambance tumakinmu na gida da kare irinsu. Fara duban fuska. 'Yankasa fara ce, da baƙi zagaye da ido, a kunne da baki. Uda gabanta baƙi ko ja, bayanta fari, ga dogayen kunnuwa. Balami fari fat, ƙato, asalinsa Borno.

Abin da ke damuna, kowa ragon layya mai girma yake so, sai a yi ta barbarar 'yankasa da Balami har irin ya ɓace, alhali ita ke jure yunwar rani. Ware ragonka mafi kyau, kada kuɗin Sallah ya ruɗe ka ka sayar. Tunda kana Zariya, leƙa NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, suna kiwon 'yankasa.