Tambaya da Amsa: Shin da gaske alkama guba ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An turo mana wani bidiyo a WhatsApp ana cewa alkama guba ce, wai gulutin da ke cikinta yana lalata hanji. Maigidana yana da ciwon suga, tuwon alkama muke yi masa. Ni kuma cikina yakan kumbura idan na ci burodi. Mu daina ne gaba ɗaya? Daga wata uwar gida a Talata Mafara, jihar Zamfara.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Alkama ba guba ba ce ga mafi yawan mutane, amma akwai waɗanda take cutarwa sosai, kuma bidiyon ya haɗa su da kowa ne ya yi musu kuɗin goro.

Gulutin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir. Shi ke sa ƙullin fulawa danƙo, ya sa burodi da fanke su tashi. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca ba su da shi.

Waɗanda yake yi wa illa ta gaske su ne masu cutar siliyak, kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Idan suka ci, garkuwar jikinsu sai ta far wa bangon ƙaramin hanji, abinci ya daina shiga jiki yadda ya kamata. Sai a ga zawo mai daɗewa, rama, ƙarancin jini da ba ya jin magani, yaro kuma ya ƙi girma. Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙar: a yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya, yaran da ke fama da cutar suka samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwon ya dawo. Kada a ce cutar Turawa ce kawai, don an same ta da yawa a Arewacin Afirka. Abin da ke damuna shi ne a nan ba kasafai ake nemanta ba, sai a yi ta ba yaro maganin tsutsa da na taifod. Mai wannan cuta zai bar alkama har abada, kuma ko injin niƙa sai ya kula, don ragowar garin alkama na gauraya da geron da aka zuba bayanta.

Akwai kuma masu borin jini, waɗanda jikinsu ke ƙaiƙayi ko numfashi ya sarƙe jim kaɗan bayan ci. Wannan na asibiti ne nan take.

Kumburin cikinki shi ne wurin da masana ke ta muhawara. Wani bincike da aka yi a Norway aka wallafa a 2018 ya nuna cewa a cikin masu irin kukanki, wani nau'in sukari da ake kira furuktan ya fi gulutin tayar da ciki. Yana cikin alkama, yana kuma cikin albasa da tafarnuwa. Shawarata: kada ki daina cin alkama kafin a yi miki gwajin jini na siliyak, domin idan kin daina, gwajin zai iya nuna lafiya lau alhali cutar na nan. Idan ya fito babu, ki ajiye alkamar na 'yan makonni, sannan ki koma ki ga bambanci.

Batun Alhaji kuwa, ba gulutin ne abin tsoro ba, yawan tuwon ne. Tuwon alkama sitaci ne, yana ɗaga suga kamar sauran tuwo. Alkamar da aka niƙa da dusarta, irin wadda ake nomawa da rani a madatsar ruwa ta Bakolori da ke kusa da ku, ta fi farar fulawa, amma malmala uku ba magani ba ce. A rage malmalar, a yawaita miyar ganye, zogale, wake da kifi. Burodi mai zaƙi, cincin, alkaki da taliyar leda su ne za a ja baya da su. A auna sugansa awa 2 bayan ya ci tuwon, a rubuta, a kai wa likitansa ya gani.