Kada ya sa hannu a takardar nan tukuna

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka a kan ƙaninka da inji ya datse wa yatsu uku a kamfanin roba a Ikorodu, da yadda manaja ya biya kuɗin asibiti, sannan ya kawo masa 'yan kuɗi da takarda wai ya sa hannu magana ta ƙare. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Don Allah ka hana shi sa hannu tukuna.

Abin nan ya taɓa samuna. Shekarata goma sha takwas a Legas, yawancinsu a wani sito a Apapa nake aikin lodi. Wata rana kaya suka zame daga motar ɗaga kaya suka danne mini ƙafa, na karye wuri biyu. Na yi wata huɗu ina jinya, kuma har yau idan sanyi ya sauko ƙafar tana tuna mini. A lokacin ni ma cewa na yi ƙaddara ce, duk abin da suka ba ni in karɓa in gode. Wani dattijo Bayarabe ɗan ƙungiyar ƙwadago da muke aiki tare shi ya zo dubiya ya buɗe mini ido.

Akwai dokar diyyar ma'aikata ta shekarar 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, take gudanarwa. Kowane mai ɗaukar ma'aikata wajibi ne ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar, daga aljihunsa, kuma dokar ta hana shi cire ko sisi daga albashin ma'aikaci saboda wannan. Daga asusun ake biyan magani, da gaɓar roba idan ana bukata, da diyya. Ba a tambayar laifin wa ne, don haka kada su tsorata shi da cewa shi ya yi sakaci da inji. Kada kuma a ce masa ai shi ɗan kwantiragi ne ko ɗan aikin rana. Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi, da mai koyon sana'a, har da mai aikin gida da ba dangin maigidan ba. Sojoji ne kawai aka ware.

Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne wajen lokaci. Ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da kamfani abin da ya faru: sunansa, rana, wuri, da irin raunin. Na san za ka ce ai a gabansu aka yi, amma duk da haka ku rubuta, ku kai ofis, a buga muku hatimi a kwafi guda ku riƙe. Shi kuma kamfani kwana 7 gare shi ya kai rahoto ga hukumar. Neman diyyar kansa ana shigar da shi cikin shekara ɗaya, sai da ƙwaƙƙwaran uzuri ake ɗagawa zuwa shekara uku. Ku adana komai: katin aiki, saƙon shigar albashi a waya, rahoton likita, hoton hannun, rasit, da lambobin mutum biyu da suka ga abin. Ni saƙonnin banki ne suka tabbatar da albashina, don ba a taɓa ba mu takardar albashi ba.

Dalilin da na ce kada ya yi gaggawa shi ne lissafi. Wanda ya nakasa gaba ɗaya, dokar ta ce a riƙa biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Mai ɗaukar naira 80,000 zai riƙa samun 72,000 ke nan. Wanda nakasarsa ta wani sashe ce, kamar ƙaninka, ana auna yawan abin da raunin ya rage masa na samu, a biya shi gwargwadon haka. Ga matashi, biyan yana iya kaiwa har ya cika shekara 55. Ka kwatanta wannan da abin da ke cikin ambulan ɗin manaja. Muna da maƙwabci a Agege da ya rasa hannu, ya karɓi kuɗi a dunƙule ya koma gida. Kafin shekara ta zagayo sun ƙare a magani da cefane, yanzu 'yan'uwa ke ɗauke da iyalinsa. Duk lokacin da na tuna shi sai raina ya sosu, domin da ya samu wanda ya faɗa masa abin da aka faɗa mini, da ba haka ba.

Dokar ma ta ce yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi ta yafe diyyarsa ba ta da inganci. Amma sa hannun yana jawo ja-in-ja da ɓata lokaci, kuma mai rauni ba shi da ƙarfin wannan.

Gobe ka je ka tambayi kamfanin, cikin lalama, ko sun yi masa rajista da NSITF kuma ko sun kai rahoto. Idan ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke shi, shi ma ka tambaye shi. In suka fara kwana-kwana, ku ɗauki takardunku ku tafi ofishin hukumar da kanku. Ka kuma nemi lauya kafin ku yanke shawara, saboda karɓar diyyar hukuma da maka kamfani a kotu ba a haɗa su, ɗaya ake zaɓa. Gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyi masu kare marasa ƙarfi kyauta, wanda ake kira OPD. Idan hukuncin hukumar bai yi muku ba, akwai kwana 180 na neman a sake duba shi, daga nan sai kotun ma'aikata da ke Ikoyi.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai zirga-zirga da jira, ni sai da na yi watanni ina sintiri da sanda kafin kuɗina su fara shigowa. Wasu za su ce masa ya bar wa Allah. Ka gaya masa yarda da ƙaddara ba ta hana mutum karɓar haƙƙinsa ba, kuma kuɗin nan ba sadaka ba ce. Ka faɗa mana ranar da abin ya faru, mu ƙirga ko kwana 14 ɗin sun cika. Idan kana bukatar wanda zai raka ku, ina da hutu ranar Laraba.